Kwana Shida Da Kyamara A Kufan Kwal Na Inugu

  Mutane da dama sun tare ni a bakin masallaci suna tambayata wai me ya haɗa ɗan mai gwangwan da kyamara, har wani dattijo ya ja ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya ko aikin leƙen asiri na samu. Shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya, kowa ya karanta, in huta da maimaici.

Ga wanda bai san ni ba, a nan Inugu aka haife ni, a nan na yi firamare da sakandare, kuma ina jin Ibo kusan yadda nake jin Hausa. Sana'ar mahaifina sayen tsofaffin ƙarafa ce. Yara masu tura kura su kawo, mu aza a sikeli, mu ware baƙin ƙarfe daban, jan ƙarfe daban, alminiyon daban, in kaya ya taru a yi lodin tirela ta nufi kamfanonin narka ƙarfe da ke wajen Legas da Ogun, inda ake mai da shi rodin gini. Tun ina ƙaramar sakandare ni ke riƙe masa littafin awo. Saboda haka duk inda na ga ƙarfe, kafin in ga kamanninsa na riga na ƙiyasta kilonsa. Ba ni na sa wa kaina ba, haka idon ya tashi.

Wani abokina da muka yi aji ɗaya ne ya turo mani sanarwa ta WhatsApp, cewa wasu matasa masu sana'ar hoto sun shirya bita ta kwana shida kyauta, za a koyar da ɗaukar hoton masana'antun da aka yi watsi da su, za su kuma ara wa ɗalibai kyamara. Aka ce kowa ya tura hotuna biyar da ya ɗauka da wayarsa. Na tura na sikelinmu da tsibin kaya da wata tsohuwar injin niƙa, sai ga shi an ɗauke ni. Mu goma sha biyu ne, ni kaɗai ne Bahaushe. Da na je neman izini wurin Baba, tambaya ɗaya ya yi mani: “Hoton mutane za ka riƙa yi ko na me?” Na ce, “Na ƙarfe ne Baba, da kangaye.” Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, “Ƙarfe ba shi da rai. Je ka, amma kullum ka dawo ka haɗa lissafi kafin isha'i.”

Kwana biyun farko a cikin aji muka yi su. Malamar da ke koyar da mu wata baiwar Allah ce 'yar Ibo wadda ta daɗe tana wannan aiki, kowa Anti yake ce mata. Ta ce mu manta da maganar tsadar kyamara, abin da ake awo a wannan sana'a haske ne, kuma abu uku ke hukunta shi: faɗin ƙofar da ke cikin gilashin gaba, da tsawon lokacin da ƙofar za ta zauna a buɗe, da kuma yadda aka saita cikin kyamarar ya ji haske, wato lambar da suke kira ISO. Ni da misalin mai ruwa na gane abin. In ka tara jarka a famfo, ko dai ka buɗe shi sosai ta cika nan take, ko ka buɗe kaɗan ka daɗe kana jira, ruwan dai ɗaya ne. Abin da ya ɗan rikita ajin shi ne lambobin ƙofar a juye suke: f/2.8 ƙofa ce wangameme, f/16 kuwa 'yar tsukukuwa. In kana son komai ya fito tas, daga dutsen da ke gabanka har bangon da ke can ƙurya, sai ka tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11. To amma tsukewar tana nufin haske zai shiga a hankali, ga shi cikin kango da duhu, kuma hannun ɗan Adam ba ya iya riƙe kyamara ƙyam in lokacin ya wuce kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa ko makamancin haka. Dole ka ɗora ta kan mariƙi mai ƙafa uku, ka bar ISO a 100 don kada hoton ya fito da yashi-yashi, ka saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu, ka janye hannunka, ka jira. Wani hoton sai ya ci daƙiƙa goma sha biyar ko fiye. Ban taɓa sanin daƙiƙa goma sha biyar tana da tsawo haka ba.

Sai dokoki. Takalmi mai rufi, dogon wando, kada kowa ya yi tafiya shi kaɗai, kada a taka benen katako ko rufin da ya ruɓe, a duba gindin bango saboda macizai. Babbar doka kuwa ita ce ba mai shiga ramin haƙa ko da taku biyar ne, domin a tsohon ramin kwal iskar shaƙa tana ƙarewa, wata muguwar iska marar wari ta maye gurbinta, mutum yana tsaye sai dai ya faɗi. Ta ƙarshe kuma: ba a ɗauke komai, ko da noti ne. Da ta faɗi wannan ban san dalili ba mutum biyu suka waiwayo suka dube ni.

Kafin mu fita fili an ba mu tarihin garin, kuma abin kunya ne a ce yawancinmu da aka haifa a nan, har 'yan asalin garin, ba mu san rabinsa ba. A 1909 Turawa suka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1915 aka fara haƙa, a 1916 kuma layin dogo ya haɗa nan da Fatakwal, tafiyar kimanin kilomita 240, domin ita kanta Fatakwal ɗin don fitar da kwal aka kafa tashar jirgin ruwanta. (Ina yaro na ɗauka kwal ɗin da ke ƙarshen sunan Fatakwal shi ne wannan kwal ɗin. Ashe sunan wani Bature ne, Harcourt, bakinmu ya lanƙwasa shi.) Da wannan kwal jiragen ƙasa suka riƙa tafiya har Kano da Nguru suna kwaso gyaɗa da auduga da shanu, wato ke nan wutar da ta ja gyaɗar kakanninmu zuwa bakin teku daga cikin waɗannan tsaunuka aka tono ta. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa a shekara ya kai wajen tan dubu 900. Daga nan sai koma baya: aka samu man fetur a Oloibiri a 1956, jiragen ƙasa suka koma shan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki har ruwa ya cika ramuka, aka yi ta lallaɓawa, zuwa farkon shekarun 2000 komai ya tsaya.

Ranar ta uku da asuba muka shiga mota zuwa wata tsohuwar mahaƙa a gindin tsauni. Anti ta ce hasken safe da na la'asar ke nuna fatar abu, domin yana zuwa ta gefe ya fito da kowane gurbi na tsatsa, ranar tsaka kuwa shafe komai take yi. Kafin mu isa sai da muka ratsa unguwar tsofaffin ma'aikata, inda har yanzu akwai mutane a cikin jerin ɗakunan da aka gina wa mahaƙa. A nan wasu samari suka tare mu. An riga an nemi izinin shugabannin unguwar, ba su da matsala da sauran, amma da suka ga hulata sai ɗaya ya ce da Ibo, wannan abokin fa, ya zo duba abin da za su dawo su kwashe da dare ne. Anti ta ce ɗalibinta ne. Ni kuma na gaishe shi da Ibo, na tambaye shi ya mutanen gida, na gaya masa sunan makarantar da na yi. Sai ya yi dariyar jin kunya, ya ce ai wasa yake yi. Amma har muka bar wurin yana biye da ni a baya.

'Yan uwa, bari in tsaya a nan in faɗi ra'ayina, ko da zai ɓata wa wasu rai. Ban yi fushi da yaron nan ba sosai, domin mun san a cikin 'yan jari-bola akwai ɓata-gari masu cire murfin kwalbati da wayar wuta, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Har ta kai a wasu garuruwa an hana sana'ar, masu gaskiya suna shan duka a kan laifin da ba nasu ba. Wannan gyara namu ne, ba wanda zai yi mana. To amma wanda duk ya san ƙarfe ya san yaro mai kura da maganaɗisu ba zai iya ɗauke injin da ya kai tan biyar ba. Wannan aiki yana buƙatar wutar gas ta yanka, da babbar mota, da kwana biyu ko uku ana aiki, da kuma wanda zai buɗe ƙofa ya kau da kai. Mu dai fuskarmu ake gani saboda mu ke yawo a titi da rana.

Abin da muka tarar a mahaƙar ba shi da yawa, kuma rashin yawan nasa ne ya fi komai taɓa ni. Bakin ramin yana nan a jikin tsauni, an ɗaure shi da kankare, ciyawa ta sauko ta rufe rabinsa, domin a nan ba a tono ƙasa kamar rijiya ba, ta gefen tsauni aka riƙa shiga. Wani ruwa yana fitowa daga ciki, ya rina duwatsun da yake bi kalar ruwan goro. An yi mana bayani cewa akwai wani ma'adini a jikin kwal da in ya haɗu da iska da ruwa yakan zama ruwa mai tsami da ke narkar da ƙarfe, shi ne wannan launi, kuma irin wannan ruwa daga tsofaffin mahaƙu yana gangarawa cikin rafukan garin, har da Ekulu. Abokan karatuna suka rufa a kansa suna ta ɗauka saboda kyawun launin. Ni kuwa abin da ya ja ni shi ne wasu dakali na kankare a cikin wani kango marar rufi, kowanne da guntayen kusoshi masu kauri guda takwas a tsaye, an yanke kawunansu. Na san me nake kallo. Mazaunin inji ne, injin ya tafi. Na kafa mai ƙafa uku, na durƙusa daidai tsayin dakalin, na jira har rana ta leƙo ta tagar gabas ta ba kowace kusa inuwarta.

Wani tsoho da ya yi aiki a ramin shekara da shekaru ne ya yi mana jagora, yana tafe yana tari. Ya kai mu wani ƙaramin ɗaki ya ce nan ne ɗakin fitila. Kowane mahaƙi yana da lamba. In zai shiga rami sai ya karɓi fitila ya bar 'yar lambarsa ta ƙarfe a rataye, in ya fito ya mayar da fitila ya karɓi lambarsa. In an tashi aiki aka ga lamba ta rage a jikin allo, to akwai mutum a ciki. Allon ya ruɓe, amma layukan ƙananan ƙusoshi suna nan a jikin wani katako. Ya sa yatsa a kan ɗaya ya ce nan tasa take zama. Na ce, “Papa, ko zan ɗauki hannunka a wurin?” Ya ce, “Ɗana, ɗauki, amma ban da fuska, ban yi aski ba.” Wannan shi ne hoton mutum ɗaya tilo da na yi a bitar, shi ma ɗan yatsa ne kawai.

Shi ne kuma ya ba mu labarin 18 ga Nuwamba 1949, kamar yadda ya ji daga magabatansa, ranar da 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan mahaƙan Iva Valley da ke yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu, suka kashe 21, suka raunata 51. Wannan kisa ya tayar da ƙasar nan gaba ɗaya, ya ƙara wa masu neman 'yanci ƙarfi. Mutum-mutumin mahaƙa da ke wajen New Market, wanda nake wucewa ta gabansa tun ina yaro ina tura kaya, ashe don tunawa da su aka kafa shi.

Kowace yamma sai a haska hotunanmu a bango a yi ta suka, ba sani ba sabo. A nan Anti ta nuna mana aikin wasu Jamusawa mata da miji, Bernd da Hilla Becher, waɗanda tun ƙarshen shekarun 1950 suka yi ta bin masana'antun Turai da Amurka suna ɗaukar tankunan ruwa da hasumiyoyin mahaƙu da murhun narka ƙarfe kafin a rushe su. Duk iri ɗaya suke ɗauka: baƙi da fari, daga gaba sak, a ranar da gajimare ya rufe rana don kada a samu inuwa, ba mutum ko ɗaya, sannan su jera tara ko goma sha biyu a wuri guda don ka ga bambancinsu. Ta kuma haɗa da namu na gida, marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi wa kitson matan Najeriya irin wannan bi-da-bi har hotuna wajen dubu. Gardama ta kaure a ajin. Wasu suka ce hotunan Jamusawan ba su da rai, kamar littafin kayan gyara. Ni kam sun burge ni, kuma dalilina shi ne sun yi kama da littafin awon Baba: ba ado, ba ƙari, abu ya zo, an rubuta shi, ya wuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki tsatsa don kyau kawai, a ƙara mata launi a kwamfuta, a rataye a falon mai kuɗi, alhali wanda ya bar huhunsa a ramin yana zaune taku ɗari daga wurin yana jiran fansho. Anti ma ta tsaya a kan cewa kowane hoto sai an rubuta masa bayani: ina ne, wace rana, mene ne wannan abu a da, kuma wa ya gaya maka.

Daren kwana na huɗu, bayan na haɗa lissafi, na miƙa wa Baba hotunan a waya. Na ɗauka zai duba sama-sama ya miƙo mani. Sai ya sa tabarau, ya tsaya a kan hoton dakalin nan, ya ce in ƙara masa girma. Ya ce, “Ka ga wannan? Da wutar gas aka yanke, dubi yadda bakin ya narke ya yi ɗigo. Wancan na gefe kuwa da zarto aka ci shi, aikin mai haƙuri ne, mutum ɗaya ko biyu, da dare. Kuma ba lokaci ɗaya aka yi su ba. Na zarton ya tsufa, tsatsarsa ta yi baƙi. Na gas ɗin bai daɗe ba.” Ya dubi kaurin kusoshin da tazarar da ke tsakaninsu ya ce abin da ya zauna a nan ba zai gaza tan huɗu ba. Na ce, “Baba, ta hoto?” Ya ce, “Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.” Ya ƙara da cewa shi shekara talatin bai taɓa sayen ƙarfen dogo ko wayar wuta ba, duk arharsu, kuma in har ina son in gaje shi to in riƙe wannan.

Washegari na faɗi wannan bayani a aji. Anti ta tashe ni tsaye ta ce in bi hotunan kowa ɗaya bayan ɗaya in karanta masu yankan. Na yi kusan awa ɗaya ina nuna masu inda aka kwance noti da sifana, da inda aka fasa ƙarfen zubi da guduma saboda shi ba ya lanƙwasa sai dai ya tsage, da inda aka fasa bango don a zare wayar jan ƙarfe. Waɗanda suka waiwayo suka dube ni ranar farko su suka fi kowa tambaya. A ƙaramin nunin da aka yi ranar ƙarshe, bayanin da ke ƙasan hotuna da yawa daga bakin Baba ya fito, ko da yake ya ƙi zuwa, ya ce ba zai rufe sikeli don kallon bango ba.

A wannan daren da ya duba hotunan ne ya yi mani wata magana da bai saba yi ba. Kakana ya zo garin nan a jirgin ƙasa da shanu a shekarun 1950, zamanin da Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, yake magajin garin Inugu na farko, zaɓaɓɓe. Yana da rumfa, yana da ɗaki, yana da abokai Ibo da suke cin bashin juna. A 1966, da ƙasa ta rikice aka ce baƙi su bar Gabas, ya koma gida da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Da Baba ya zo bayan shekaru ya nemi wurin, bai gane ko layin ba. Ba hoto, ba takarda, sai labari. Na yi tunanin sau nawa aka tayar da kasuwar dabbobi ko rumfunan mutanenmu a garuruwan kudu aka mayar da su bayan gari, kuma in ka tambaya yaya tsohon wurin yake, kowa sai ya kwatanta maka da hannu. Su mahaƙan kwal aƙalla suna da mutum-mutumi da kangaye.

An karɓe kyamarar aro bayan bita, yanzu da waya nake yi, na kuma haɗa mariƙi mai ƙafa uku da guntayen bututu a wurin mai walda. Duk ƙarfen da ya shigo wurinmu mai rubutu a jiki ko mai siffar da ban saba gani ba, sai na jingine shi a bangon nan na bayan sikeli na ɗauke shi daga gaba sak, na rubuta ranar da kilonsa da unguwar da aka ce an samo shi. Sun kai saba'in da wani abu. Akwai keken ɗinki, da kan famfon rijiya, da sikelin gyaɗa irin na da, da wani faifan tagulla na jikin inji mai sunan wani gari a Ingila. Shi wannan faifan na roƙi Baba ya bar mani, ya ce kuɗin mutane ne a ciki, in ina so in biya kilonsa. Kilo ɗaya da rabi ne, na biya.

Na kuma fara bin rumfunanmu da masallacinmu da makarantar allo ina ɗauka, amma sai da izinin mai wuri, kuma wanda ba ya son fuskarsa ta fito ba za ta fito ba. Sarkin Hausawa ya sa albarka, ya ce in fara da tsofaffi. Saboda haka duk wanda ke da tsohon hoto na zango ko na kasuwa a ƙasan akwati, ko rasit, ko katin jirgin ƙasa na mahaifinsa, don Allah ya kawo mani ranar Juma'a bayan an sauko. A gabansa zan ɗauka in miƙa masa abinsa.